Karan Awon Ƙafar Baba

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna majalisa, Umaru ya Jega? In na je gona, Umaru an ce har Aliero ka kai, karaya ka yi? Wani ma cewa ya yi ya ji aure na je nema. Ban ga laifinku ba, don tafiyar da masu albasa ke yi da safe su dawo kafin la'asar, ni yini uku na yi a cikinta. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, ya je Jega da ƙafarsa ya gano wa kansa.

Kun san Baba ne ladanin masallacin unguwarmu a Liba tun ina yaro. Bayan kaka ciwon dunduniya ya kama shi a ƙafar dama. Ba kumburi, ba rauni, ba abin da ido zai gani. Amma in ya tashi da asuba ya sa ƙafa ƙasa, sai ya dafe bango ya tsaya, ya ce kamar ya taka ƙusa. In rana ta ɗaga ya ɗan sake shi, gobe da asuba ya dawo sabo fil. Wanzami ya yi ƙaho, an shafa man zafi, an gasa da ruwan ɗumi, an sha rubutu. Gidanmu kuma a bakin gari yake, hanyar masallaci duk tsakuwa. Asuba ya fara rasawa, daga nan sauran salloli suka bi, Malam Garba ya riƙe masa kiran.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi, liman da dattawa biyu suka zo dubiya. Bayan gaisuwa liman ya yi gyaran murya ya ce, azumi ya ƙarato, kiran asuba da na buɗa baki ba a yi musu riƙon ƙwarya. In wata ya tsaya Baba bai iya fitowa ba, za su tabbatar wa Malam Garba. Baba ya ce, “Daidai na.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Ina zaure ina ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin da ɗoriya mutum yana tashin gari, a ce dunduniya ce za ta sauke shi.

Malam Hamisu, hedimastan firamarenmu, shi ya nuna mini mafita. Na kai masa kuka, sai ya tuɓe takalminsa sau-ciki ya zaro wata shimfiɗa daga ciki, mai tudu a tsakiya, mai taushi wajen dunduniya. Ya ce tsayuwar allo ta taɓa sa masa irin wannan ciwon, wannan abin ne ya sauƙaƙa masa, a kasuwar Jega ya samo. Ya ce in tafi da awon ƙafar tsohon.

A nan matsala ta fara. Ni ɗan fari ne, kuma kun san gidanmu. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama kan tabarmarsa ba, in muna magana shi yana duban gabas ni ina duban ƙasa. Da wane baki zan ce, Baba miƙo ƙafarka? Ga Balki autarmu, gida uku tsakaninmu da inda take aure, ita har gemunsa take ja. Da na gaya mata, da ta auno kafin in rufe baki. Amma ina so a ce ni na yi, ba zan ɓoye muku ba. Sai na yi abin da muke yi in za a aiki mutum sayen takalmin salla. Na samo karan dawa, na jira Baba ya kwanta bayan azahar, na lallaɓa na ɗauki faɗensa a ƙofar ɗaki, na auna, na yanke, na mayar da takalmin inda yake. Da safe na ce masa za ni Jega duba kasuwar albasa. Ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Babur ya kai ni Maiyama, na shiga ƙaramar mota, mu huɗu a baya, biyu a gaba. Karan bai shiga aljihu ba tare da ya karye ba, don haka na riƙe shi a tsaye a gaban hancina. Duk wanda ya shigo sai ya dube shi ya dube ni. Na kusa da ni wani tela ne mai surutu, za shi Jega sayen yadi.

“Malam, wanga kara hwa?”

“Awon ƙafa ne.”

“Har yanzu ana yin haka?” Ya zaro tef daga wuya ya auna karan, ya kama tafin hannuna ya rubuta lamba da biro. “Ga shi nan. Ko kara ya ɓace, kana da awonka.”

Na yi masa godiya, a raina ina cewa mutumin nan ya cika shisshigi.

Kafin gadar Jega akwai shingen jami'an tsaro, aka ce kowa ya sauko a duba but ɗin mota. Jami'in ya tambayi karan, da na gaya masa ya yi dariya ya ce shi ma haka tsohuwarsa ke aikensa. Muka koma mota. Ƙofar bayan nan ba ta rufuwa sai an maka ta da ƙarfi, direba ya zagayo ya maka, ni kuwa hannuna na gefe. Na ji ƙas. Kara ya rabu biyu, tsakiyarsa ta murƙushe ta zube a kan cinyata. Direba ya ce in yi haƙuri, kara ai ko'ina akwai shi. Tela ya nuna hannuna da baki, yana murmushin wanda maganarsa ta fito.

Muna sauka aka kira azahar. Na yi alwala tsaf, na cuɗa hannu sau uku yadda aka koya mana. Sai da na sallame na ɗaga hannu zan yi addu'a na ga ba komai a tafin sai ɗan shuɗi-shuɗi. Tela kuwa ya shige kasuwa, ko sunansa ban tambaya ba.

Wanda ya ce matambayi ba ya ɓata bai shiga layin 'yan takalma na Jega ba. Can ba a cewa babu. A Liba in ka tambayi mai shago abin da ba ya da shi, zai ce maka babu, ku gaisa ka wuce. A Jega cewa za a yi zauna, yanzun nan. Na farko ya yanko mini soson katifa da almakashi ya ce shi ne. Na biyu ya kawo robar taya. Wani mai gwanjo ya riƙa zaro shimfiɗun tsofaffin kambas yana tara mini, ko wacce da sawun yatsun mai ita, shafaffu kamar fatar ganga. Mai kemis ya ce in bar wahala, allura uku ce. Duk wanda na ce wa mai tudu a tsakiya nake nema, sai ya ce ai tudun ne ke kawo ciwon. La'asar ta yi ban ci komai ba sai fura, na kuma fara shakkar ko na ga abin nan a takalmin Malam Hamisu ko mafarki na yi.

Wata mai sayar da ƙosai ce ta tausaya mini, ta nuna mini rumfar wani baduku a lungun bayan masu buhu. Malam Ɗanjumma sunansa, tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce ya yi shekaru a birni yana yi wa guragu takalma. Ina fara bayani ya buɗe akwati ya fito da irinta sak. Na ce alhamdu lillahi, na zaro guntayen karana na jera masa, na ce a ƙara kamar yatsa ɗaya a tsakiya, wurin da ya murƙushe.

Ya daɗe yana dubansu.

“Ɗana, kara tsawo shika faɗi. Ni ramin tafin ƙafa nika nema. Ta wani shimfiɗe take, ta wani rami gare ta har ɓera shi wuce. In na ba mai shimfiɗaɗɗiya tudu babba, na ƙara mai ciwo. Ta tsohonka wace iri ta?”

Na ce ai ƙafarmu ɗaya, kowa na faɗa, a auna tawa. Ya shimfiɗa takardar buhun siminti, ya sa na tsoma ƙafa a ruwa na taka. Sawu ya fito cikakke, ba rami ko kaɗan, irin na agwagwa.

“To ga taka. Ka taɓa ganin tafin ƙafatai?”

Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, sai na tsaya. Shekarata arba'in da shida gida ɗaya da mutumin nan. Na san tarinsa, na san takunsa daga nesa, amma tafin ƙafarsa ban san kamarsa ba. Na ji kunya, kunyar kuma ta juye ta zama haushi, na kwashe karana na ce zan yi shawara.

Da na koma gida a ranar nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma na tsaya wajen wani mahauci na sayi tsire, ya ga karyayyen kara a hannuna, ya tambaya, na ce na ƙafar tsohona ne da ba ya iya takawa.

“Kai ko mi kaka yi Jega? Aliero za ka. Can ko mutum bai taho ba, kara aka ɗaurewa, ƙafa ta kama can gida.”

Mutum uku da ke cin nama suka ce ƙwarai, kowa da labarin wanda ya sani. Na ga hanyar da ba sai na taɓa ƙafar Baba ba. Kafin in gama tunani ina cikin motar Aliero, a kan buhunan da ba komai a ciki sai warin albasa.

Ana gab da magariba na isa gidan wani mai ɗori, gida ne babba mai zaure biyu, ko'ina mutane kwance da ƙafafu a ɗaure. Masu jinya suka ga kara biyu a hannuna, suka fara yi mini jaje. Wani ya ce a cinya ne ko a ƙwauri, wani ya ce babur ne ko. Ina cewa ba karaya ba ce, suna cewa kowa haka yake faɗa da farko. Aka ce mai ɗorin ba ya ganin kowa sai da safe, aka ba ni tabarma a zaure. Tuwon shinkafa aka kawo da miyar da albasarta ta fi ruwanta yawa. Mu ma muna noma albasa, amma mu sayarwa muke yi, su ci suke kamar gobe za a hana.

Maƙwabcin tabarmata wani ne Shehu daga Dangamaji, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Mahaifinsa ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya. Bayan mun ci abinci na ga ya jawo kwano da ruwa, ya ɗora lafiyayyar ƙafar tsohon a kan cinyarsa, ya wanke ta, ya bi tsakanin yatsu, ya sa reza yana yanke masa farce. Tsohon na cewa, a hankali, mahaucin banza. Shehu na cewa, in ka motsa in cire yatsan gaba ɗaya. Na kawar da kai, don a wurinmu ko kallon wannan ba a yi. Daga baya na kasa haƙuri.

“Kai ne auta?”

“Ni na ɗan fari.”

“Ba ku kunya a Dangamaji?”

“Muna yi, har mun fi ku. Ranar da yaf faɗi, ni kaɗai ag gona. In tsaya kunya, wa ka ɗaukar shi?”

Na juya na fuskanci bango.

Da hantsi aka shigar da ni wurin mai ɗorin, dattijo ne siriri mai manyan hannuwa. Na durƙusa na ajiye kara. Ya ce ina ne ya karye. Na ce ƙofar mota ce ta karya shi. Ya ce ba karan ba, mutumin. Na ce mutumin bai karye ba.

“To mi za ni ɗaurewa?”

Na kwashe labari duka na gaya masa. Tun ban kai ƙarshe ba ya karɓe: takun farko da asuba ya fi zafi, in ya zauna ya daɗe ya tashi ya dawo, ko ba haka ba? Na ce kamar yana gidan. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ƙashi lafiya lau yake, jijiyar da ta shimfiɗe a tafin ƙafa ce ta gaji. Ya ce tsohon ya bar taka ƙasa mai tauri ba takalmi, kafin ya sauko daga gado ya riƙa jawo yatsunsa sama, ya riƙa murza tafin a kan kwalba, a kuma sa masa abin da zai tallafi ramin. In wata biyu ba sauƙi a kai shi asibiti. Na ce, ranka shi daɗe, abin tallafin nan a ina ake samu? Ya ce akwai wani baduku a Jega, bayan masu buhu.

Har na miƙe ya ce, “Da ka auna takalminai, mi ya hana ka ɗauko takalmin? Ai shi ka nuna inda mutum ka takawa.”

Takalmin nan a hannuna yake ranar, na juya shi, na auna shi, na mayar. Na fito daga gidan ina jin kaina kamar an ɗaura mini dutsen niƙa.

Na dawo Jega kafin azahar, na koma wurin Malam Ɗanjumma. Bai ce mini ina shawarar ba, ya dai matsa mini a benci. Na ajiye girman kai na kira Balki a waya. Na ce ta samo takardar siminti, ta jiƙa ƙafar Baba da ruwa ya taka, ta ba direban Maiyama ya kawo mini tasha. Ta ce, “Yaya, dama abin da ya kai ka ke nan? Shi ne ba ka faɗa ba?” Na ce ta yi abin da na sa ta.

Bayan la'asar direba ya miƙo mini takarda a naɗe, an ɗaure da zare da kyau. Na kai ta rumfa da sauri, muka warware. Ba komai. Muka juya bayanta, ba komai. Na ɗaga ta sama ina hasko ta da rana. Malam Ɗanjumma ya cire tabarau ya goge ido, kafaɗunsa na rawa.

“Da mi kac ce ta jiƙa?”

“Da ruwa. Yadda ka yi mini.”

“Kai nan kake tsaye, na gani kafin shi bushe. Wanga daga Liba yat taho.”

Ya karɓi wayar da kansa ya gaya wa Balki ta dama bular wanki da kauri, ta shafa a ƙafa biyun, ya taka a tsaye ba a zaune ba, ta bari ta bushe. Ta ce to, amma motar ƙarshe ta wuce, sai da safe. Na lissafa, yau ashirin da tara ga wata. Na ce a raina bara sai da ya cika talatin, bana ma Allah zai sa.

Malam Ɗanjumma ya kai ni gidansa, ya ba ni shagon ƙofar gida, aka kawo shinkafa da kifin gulbi. Mun idar da isha'i muna zaune a waje da rediyo, sai aka katse shiri aka ce an ga wata. Unguwa ta ɗauka da murna, mata na leƙowa suna tambaya, ana ta yi wa juna barka. Ni kuwa hankalina na Liba. Na san a daidai lokacin liman na miƙa wa Malam Garba makullin lasifika. Mai gidan ya dube ni ya ce, ko an ba wani kiran, ƙafar tana nan tana jiran magani.

Da safe, ɗaya ga azumi, takarda ta iso. Sawu biyu shuɗaye. Ga dunduniya, ga gaban ƙafa da yatsu, tsakaninsu ba komai sai wani siririn layi a gefe. Rami ne mai zurfi, ko kusa ba irin tawa ba. Ranar na fara ganin tafin ƙafar ubana, a kan takardar siminti, a kasuwar Jega. Malam Ɗanjumma ya zaɓo shimfiɗa, ya ƙara mata tudu da fata, ya rarake wurin dunduniya ya cika da roba mai laushi. Ya ce faɗe ba ya riƙe ta, sai rufaffen takalmi, muka je gwanjo muka zaɓo baƙin kambas a kan awon takardar. Ya ba ni guntun takardar goge katako ya ce, in ka sa masa, ka danna da yatsa ka tambaye shi inda ta tokare shi, ka rage. Na ce Balki za ta yi. Ya ce Balki ba ta ga yadda ya yi ba.

Na iso gida bayan la'asar. Baba na zaune kan buzu a inuwar ɗakinsa, gefen ƙafarsa har yanzu da sauran bula. Na gaishe shi daga inda na saba. Ya ce ya albasa. Na ce albasa lafiya. Sai na ja jiki na matsa, na durƙusa, na ce, “Baba, kawo ƙafar.”

Ya dubi katanga, ya daɗe, sannan ya miƙo. Ƙafar ba nauyi, na zaci za ta fi haka. Duk faso, ga wani tsohon tabo dogo a gefe wanda ban san da shi ba. Na sa masa takalmin, na danna, na ce nan? Ya ce a'a. Nan? Ya ce ɗan gaba. Na cire na goge na mayar, har sau uku. Ya miƙe ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo, yana ɗingishi amma bai dafa komai ba. Ya ce, “Takalmin 'yan makaranta.” Na gaya masa maganar jan yatsu da kwalba, ya ce ya ji.

Ana nan magariba ta yi, Malam Garba ya kira. Na ce, “Baba, na makara da kwana ɗaya. Laifina ne.” Ya kai dabino baki ya ce a kawo masa ruwa.

Kwana huɗu yana gwada takalmin a tsakar gida. Ran na biyar da asuba na fito na tarar ɗakinsa a buɗe, na same shi a hanya yana tafiya a hankali, na bi bayansa ban wuce shi ba. Ya samu raka'a ta biyu. Da aka sallame mutane suka yi ta yi masa barka. Malam Garba ya zo ya durƙusa, ya fito da makullin ya ajiye a gabansa, ya ce shi dama riƙo yake yi. Raina ya yi fari don murna. Baba ya tura makullin da yatsa.

“An yi magana gaban jama'a, na ce daidai na. Ba a tashe ta don ƙafata ta yi sauƙi. Riƙe abinka. Ka dai rage sauri, masu nisa ba su kai ba kaka gamawa.”

A hanyar gida na kasa daurewa, na ce ai da ya karɓa, ba wanda zai ce komai. Bai juyo ba. Ya ce kira ana samun mai yi, shi kewar sahun salla ya yi, ga shi ya samu. Na so in yarda da shi.

To kun ji tafiyar Jega. Masu tambaya ko an dace, ni ma ban sani ba. Baba na zuwa masallaci sau biyar, ciwon bai tafi duka ba amma ya bar shi ya yi tafiya. Sai dai ɗakina na jikin nasa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum da asuba in Malam Garba ya ɗaga murya, ina jin muryar Baba ƙasa-ƙasa yana zaune bakin gado. Da farko na ɗauka amsawa yake, yadda kowa ke yi. Da na kasa kunne na ji ba amsawa ba ce. Kira yake, da jansa da komai, yadda ya saba. Malam Garba kan gama ya kashe lasifika, shi bai kai ƙarshe ba.